Asusun Banki Ga Sabon Ɗalibi: A Duba Sharaɗi Kafin A Sa Hannu

Duk lokacin da jami'o'i suka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, gidaje da dama sukan shiga hidimar haɗa takardu da neman kuɗin rajista. A cikin wannan hada-hada akwai shawarar da akan yanke a tsaitsaye, alhali ta cancanci a zauna a kanta: wane irin asusun banki ɗalibi zai buɗe? Wanda bankuna suka keɓe wa ɗalibai, ko kuwa ƙaramin asusun da ake buɗewa cikin 'yan mintuna ta wayar salula?

Ƙaramin asusun shi ne matakin farko a tsarin matakai uku da Babban Bankin Najeriya ya fito da shi a 2013 domin sauƙaƙa wa talaka shiga harkar banki. Ba ya buƙatar tarin takardu, ko da yake tun ƙarshen 2023 an wajabta haɗa shi da lambar BVN ko ta NIN. Sai dai sauƙin nasa yana tafe da iyaka: ba a zuba masa fiye da naira 50,000 a lokaci guda, kuma abin da ke cikinsa ba zai haura naira 300,000 ba. Tun daga 2023 jami'o'i da yawa suka ƙara kuɗin rajista, har ya wuce naira 100,000 a wasu fannoni. Uban da ya tura kuɗin makaranta gaba ɗaya zuwa irin wannan asusu zai iya tarar da kuɗin ya maƙale, ga kuma wa'adin rajista yana ƙaratowa.

Shi kuwa asusun ɗalibai, akasari akan nemi takardar samun gurbi ko katin makaranta kafin a buɗe shi. Bankuna sukan rangwanta wasu kuɗaɗen hidima a kansa, su haɗa da alkawarin kyaututtuka da gasar cin kuɗi. Ba don Allah suke yi ba, sun san ɗalibin yau shi ne ma'aikacin gobe, kuma da wuya mutum ya rabu da bankin da ya fara sabawa da shi. Neman kasuwa ba laifi ba ne, amma kada kyautar riga ko ta katin waya ta hana mu karanta abin da muke sa wa hannu.

A nan ne gidan Musulmi yake da tambayar da takardar talla ba za ta amsa masa ba. Mafi yawan asusun ɗalibai a bankunan da aka saba da su asusun ajiya ne, kuma ƙa'idar Babban Banki ta ɗora wa bankin biyan kuɗin ruwa a kan irin wannan ajiya. Ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara sun haramta riba da kakkausan lafazi, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Jidda a 1985 cewa kuɗin ruwan banki riba ne. Ƙanƙantar abin da ke shigowa a wata ba ta sauya hukuncin. Yaron da ya saba ganin 'yan nairorin ruwa suna faɗowa ba tare da zuciyarsa ta motsa ba, zai yi wuya ta motsa ranar da suka zama dubbai.

Alhamdu lillahi, yau akwai mafita. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, sannan Alternative Bank ya biyo baya. A irin waɗannan bankuna, ajiya takan gudana ne bisa mudaraba, wato a juya kuɗin a kasuwancin halal a raba riba, ko kuma bisa ƙardi, inda banki zai riƙe kuɗin ya mayar da shi yadda yake. Su ma suna ƙarƙashin inshorar hukumar NDIC, wadda a 2024 ta ɗaga kariyar mai ajiya a bankunan kasuwanci zuwa naira miliyan 5. Wanda babu irin wannan banki kusa da makarantarsa, ya nemi a rubuce a dakatar masa da kuɗin ruwa, ko ya zaɓi asusun shige-da-fice idan kuɗin hidimarsa ba zai yi masa nauyi ba. In kuwa ruwan ya riga ya shigo, malamai sun yi fatawar a fitar da shi zuwa ga mabuƙata ko amfanin jama'a, ba da niyyar sadaka ba.

Tarko na biyu shi ne bashi. Manhajojin banki da na masu bayar da rancen gaggawa sun sa cin bashi ya koma latsa waya sau biyu, kuma kusan duk da ruwa suke bayarwa. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yawaita neman tsari daga bashi, domin yana kai mutum ga ƙarya da saɓa alkawari. Ɗalibin da ke cikin matsi na gaske yana da hanya mafi tsafta: asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda dokar 2024 ta kafa. Ba shi da ruwa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma tura naira 20,000 a wata zuwa asusun ɗalibin. Duk da haka bashi ne, za a fara biyansa shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, don haka a ci shi da niyyar biya.

Tarko na uku ya fi sauran muni. 'Yan damfara sukan yi hayar asusun ɗalibai domin wuce da kuɗin sata, su ba su ɗan kamasho. Ranar da bincike ya taso, mai sunan da lambar BVN ɗin shi hukumar EFCC za ta fara nema. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Asusu amana ne, ba a ara shi ko ga abokin ɗaki, ba a kuma faɗa wa kowa lambar sirri, ko da ya bugo waya ya ce daga banki yake.

Matsayinmu ke nan: ɗalibi ya buɗe cikakken asusu da sunansa, wanda ya dace da sunan da ke kan NIN da takardar JAMB, a bankin da ba ya mu'amala da ruwa matuƙar hakan ya samu. Ƙaramin asusun ya tsaya a matsayin aljihun cefane da kuɗin mota. Iyaye kuma su raka 'ya'yansu banki, su yi tambaya uku kafin a sa hannu: nawa ne iyakar abin da asusun ke ɗauka, akwai ruwa a cikinsa, kuma me zai koma bayan an gama karatu? Mun tura su neman ilimi mai albarka, bai kamata guzurinsu ya gauraya da haram tun daga bakin ƙofa ba. Allah Ya yi wa karatunsu albarka, Ya wadata mu da halal.