Layin hagu na mai wucewa ne

Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, ƙa'idar tagwayen hanyoyi ba ta canza ba: ka riƙe layin dama, in za ka wuce ka shiga na hagu, ka wuce ka koma. Amma hau hanyar Kaduna zuwa Kano ka sha kallo. Tirela maƙare da siminti, wadda doka ta ba kilomita 60 a sa'a, za ta kafe a layin hagu, ƙananan motocin da aka yarje wa 100 sun yi jerin gwano a bayanta, direban tirelar ko a jikinsa. Wani zai ce ramuka ne suka kore shi daga dama, kuma wani lokacin gaskiya ne. Sai dai direban motar haya idan ya ƙosa, ta dama yake kutsawa, inda mai tirela ba ya hangensa a madubi, inda masu babur da 'yan talla suke. Nan ake rasa rayuka. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra sun iya tsayawa a shinge suna neman lasin da abin kashe gobara. Ina so in ga motar sintirinsu tana bin hanya, tana fito da mai toshe layi gefe ana cin sa tara.