Takardar inshora ba ta bin sabuwar mota da kanta

A tashoshin mota na Birnin Kudu da Gwaram, cinikin mota yakan ƙare ne da miƙa makulli da damin takardu. Mai saye ya ga takardar inshorar da wa'adinta bai cika ba, sai ya ɗauka ya samu kariya. Mai sayarwa kuma ya hau motar da ya sauya, yana zaton kuɗin da ya biya sun biyo shi. Dukkansu sun yi kuskure.

Inshora yarjejeniya ce tsakanin kamfani da mutum ɗaya, a kan mota ɗaya da aka rubuta lambarta. Idan motar ta canza hannu ba a sanar da kamfanin ba, yana iya ƙin biyan diyya ranar da tsautsayi ya auku.

Asarar ba ƙarama ba ce. Tun ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000. Wannan inshora ita ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, kuma diyyar dukiya ta tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Direban da ya bugi motar wani a hanyar Gwaram zuwa Basirka da takarda mai sunan wani, daga aljihunsa zai iya biya. Ga kuma 'yan sanda, waɗanda suka tsananta binciken takardar tun 1 ga Fabrairun 2025.

Gyaran bai da wuya. Wanda ya sauya mota ya sanar da kamfaninsa kafin ya hau titi, domin a mayar da sauran wa'adin kan sabuwar, a ba shi sabuwar takarda. Mai saye ya yanki tasa da sunansa, sannan ya duba lambar motar a rumbun bayanai na NIID don kauce wa jabu. Mai shakkar halascin inshora yana da zaɓin takaful.

Ya kamata shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da dillalan mota a ƙananan hukumomin biyu su mayar da wannan sharaɗin ciniki. Kamfanoni kuma su kawo wakilansu kusa, kada sai mutum ya je Dutse ko Kano kafin a gyara masa takarda. Rigakafi ya fi magani.