Dako za mu yi ta yi har abada?

A Sayam Forage na tsaya kallon wani saurayi ɗan gudun hijira yana lissafin buhunan da aka sauke: nawa suka shigo sito, nawa suka fita, nawa za su kai gobe. Biro da littafi kawai. Ladansa? Na ɗan dako.

'Yan uwa, a wasu wurare wannan aikin injiniya ne. Toyota na da injiniyoyin da aikinsu ke nan: kowane ƙarfe ya iso hannun mai haɗa mota daidai lokacinsa, kar ya makara, kar ya taru. Da Peugeot ta buɗe masana'anta a Kaduna a 1975, ta jirgin sama ake kawo sassan daga Lyon zuwa Kano. Wani ne ya tsara hakan.

Za a ce ai ba mu ƙera mota. To, man Agadem da ke fita daga jiharmu tun 2011 fa? Tattasan Komadugu fa? Duk tafiyar kaya ce, ilimin ɗaya ne.

Buƙatarmu: a koyar da fannin nan a Diffa, kamfanonin mai su buɗe wa yaranmu guraben horo. Kai gare mu, ba wuya kaɗai ba.