Sauya Ra'ayi Ba Gazawa Ba Ce: Darasi Daga Ƙasusuwan Dainoso Na Farko

A shekarar 1887 wani masani ɗan Ingila mai suna Harry Seeley ya dubi ƙasusuwan dabbobin nan da ake kira dainoso, ya kasa su gida biyu bisa ga ƙirar ƙugunsu. Gida na farko ya kira shi Saurischia, wato masu ƙugu irin na ƙadangare, na biyu kuwa Ornithischia, masu ƙugu irin na tsuntsu. Shekara 130 wannan kashi yana zaune daram a cikin littattafai. Kwatsam a 2017 sai wasu masana uku, Matthew Baron da David Norman da Paul Barrett, suka ce a sake lale, domin a nasu binciken dainoso masu cin nama sun fi kusanci da masu ƙugun tsuntsu. Kafin shekarar ta fita wasu masanan suka sake bin bayanan, suka komo kan kashin Seeley, amma da ƙyar hujja ta rinjaya.

Ɗalibin da ya ji wannan labari yana iya cewa, ashe masanan ma lalube suke yi cikin duhu, to mene ne amfanin wahalar karatu? Wannan tunani kuskure ne, kuma wajibi ne malamai su gyara shi tun daga aji, domin gardamar tana da dalili, kuma dalilin shi ne babban darasin.

Tushen matsalar yana can cikin duwatsun zamanin da ake kira Tirayasik. Tsofaffin dainoso da aka tabbatar sun rayu ne kimanin shekara miliyan 230 da suka wuce, kuma yawancin ƙasusuwansu daga Ajantina da Barazil aka tono su. A lokacin ba su daɗe da rabuwa daga kaka guda ba, saboda haka kamanninsu ba su gama bambanta ba. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san wuyar rarrabe zakara da kaza tun suna 'yan tsaki. Bugu da ƙari, ƙasusuwan da suka tsira 'yan kaɗan ne, kuma galibi a kakkarye suke.

Alal misali, a ɗauki Eoraptor, wata 'yar ƙaramar dabba da tsawonta bai fi mita ɗaya da ɗoriya ba, wadda aka gano a kwarin Ischigualasto na Ajantina a 1991. Da aka bayyana ta a 1993, an sa ta cikin dangin masu cin nama. To amma haƙoranta gauraye suke, wasu masu lanƙwasa da kaifi irin na mafarauta, wasu masu faɗi kamar ganye. A 2011, bayan an sami wata sabuwar dabba a kwarin nan da za a gwada ta da ita, sai aka mayar da Eoraptor cikin kakannin manyan dainoso masu dogon wuya da ke cin ganyaye. Haka kuma Herrerasaurus, wanda aka raɗa wa sunan Victorino Herrera, makiyayin da ya tsinci ƙasusuwansa a 1959, ya sha yawo daga wannan reshe zuwa wancan. Ƙashin da ke cikin akwati bai canza ba, abin gwadawa ne ya ƙaru.

Afirka ma tana da baki cikin wannan magana, domin a wancan zamani nahiyoyin duniya a haɗe suke wuri guda, Afirka na manne da Amurka ta Kudu. A shekarun 1930 aka tono ƙashin dantse da wasu ƙasusuwan baya a Tanzaniya, suka yi kusan shekara 80 a ajiye a Ingila kafin a bayyana su da sunan Nyasasaurus, kuma har yau ana muhawara ko dainoso ne ko ɗan'uwansa na kusa. A 2022 kuma aka bayyana Mbiresaurus daga arewacin Zimbabuwe, mai kimanin shekara miliyan 230, wanda aka sami yawancin ƙasusuwan jikinsa. Kowane irin wannan sabon tono yana iya girgiza abin da aka riga aka rubuta.

Wani malami zai ce jarrabawa amsa guda take so, kuma kawo wa yara gardamar masana rikita su kawai zai yi. Akwai gaskiya cikin wannan magana. Kashin Seeley shi ne har yanzu aka fi amfani da shi, kuma dole ɗalibi ya san shi da kyau. Sai dai idan an koyar da shi a matsayin hadda kurum, ranar da littafi ya sauya ɗalibin zai ga kamar an yaudare shi, har ya yanke ƙauna daga kimiyya baki ɗaya. Wanda kuwa aka nuna masa hujjar da aka gina kashin a kanta, da inda hujjar take da rauni, zai karɓi gyara ba tare da firgita ba. Hasali ma, kashin kansa yana ɗauke da abin mamaki da zai farkar da aji, domin tsuntsaye daga gidan masu ƙugun ƙadangare suka fito, ba daga gidan da aka sa wa sunansu ba.

Wannan aiki ba ya bukatar kayan tsada. Ƙasusuwan kaza da aka dafa aka shanya sun isa malami ya nuna wa ɗalibai ƙugu da ƙafa mai yatsu uku a gaba, ya sa su gwada da zanen dainoso, su faɗi kama da bambanci da bakinsu. Daga nan sai ya ba su labarin Gadufawa ta hamadar Tenere a Nijar, inda aka tono Ouranosaurus da Nigersaurus, waɗanda suka rayu fiye da shekara miliyan 100 bayan Eoraptor. Da wuya a rasa ɗalibi ko guda a ajin da zai tambayi yadda ake zama mai tono irin waɗannan ƙasusuwa, kuma ya kamata malami ya shirya masa amsa tun kafin ya tambaya.