Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Sufuri: A Tsara Lokacin Jirgi Tun Kafin Ya Iso Shargalle

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka ne daga Dutsi a jihar Katsina, inda layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai ratsa ta Shargalle. Tun da aka aza harsashin aikin a Fabrairun 2021 muke zuba ido, muna addu'ar Allah ya nuna mana ƙarshensa. Amma akwai maganar da ya kamata a yi tun ba a fara sayar da tikiti ba, wato maganar lokaci.

Jirgin ƙasa ya bar wa 'yan ƙasar nan tabo a wannan fanni. Da aka farfaɗo da jirgin Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, tafiyar kan ci sama da awa 30. A Maris na 2022 kuwa, man jirgin Legas zuwa Ibadan ya ƙare a tsakiyar hanya, fasinjoji suka yi cirko-cirko, alhali sabon layi ne fil.

Layinmu mai tsawon kilomita 284 hanya ɗaya ce, jirage biyu ba sa gifta juna sai inda aka ware musu. Idan wanda ya taso daga Maraɗi ya daɗe a kan iyaka wajen binciken kwastan da jami'an shige da fice, dole na Kano ya tsaya ya jira shi, kuma jinkirin zai bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Mu na ƙananan tashoshi mu za mu fi shan wuya. Mutumin Katsina in jirgi ya makara, sai ya tare Keke Napep ya nufi tashar mota. Uwar da ta fito daga ƙauye da asuba, goye da yaro mai zazzaɓi, da katin asibitin Kano a hannu, ina za ta? Likita ba zai jira ta ba, kuɗin motar ma ta riga ta zuba a tikiti.

Don haka, ranka ya daɗe, a zauna da hukumomin Najeriya da na Nijar a tsayar da iya lokacin da binciken kan iyaka zai ci, a sa shi cikin jadawali. Jirgin kaya ya riƙa ba na fasinja hanya. A ajiye kan jirgi na ko-ta-kwana a Katsina, don kada a ce sai an taso da wani daga Kano.

In kuma jinkiri ya zama dole, a faɗa mana gaskiya da Hausa, ta lasifikar tasha da saƙon waya: awa nawa ne, kuma me ya jawo. Wanda ya fasa tafiya a mayar masa da kuɗinsa a nan take, ba sai ya bi sawu zuwa Kano ba.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani mazaunin Dutsi