Gezar Dokinmu da Zafin Njamena

Yau hirar tamu ta barga ce, domin wanda keken doki ke kai masa kaya kasuwa ya san dokin nan shi ma jari ne.

A watan Afrilu, lokacin da zafin Njamena ke wuce digiri 40, na lura dokin da ke ja mana buhunan gero zuwa kasuwar Dembe yana ta goga wuya a jikin garu. Da na ɗaga gezar, sai ga gumi ya kwanta a ƙarƙashi, ga kaska, fata har ta fara salewa. Ɗana ya ce a fizge gashin kawai, kamar yadda ya gani a waya. Fizga biyu ya yi, dokin ya kai masa hauri, saura ƙiris a gwiwa. Kwana uku bai yarda an taɓa masa wuya ba, kaya na zaune a gida.

Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon mai kiwon dawaki, shi ya cece mu. Ya ce min, "Alhaji, ai gashi a jikin nama yake, kai ma a fizge maka gemu mu gani."

Ga yadda ya yi. Ya wanke gezar, ta bushe, ya taje ta tsaf. Sai ya kama ɗan tsagi kamar kaurin yatsa, ya riƙe dogayen gashin ta baki, ya tura sauran sama da mataji. 'Yan silin da suka rage a hannunsa, su ya datse can kusa da tushe, ta ƙarƙashi. Haka ya bi wuyan, kaɗan-kaɗan, har kwana biyu. Wajen rage tsawo kuwa, bakin almakashi sama ya riƙa dubawa, ba a kwance ba, don kada gezar ta tsaya kamar tsintsiya.

Na ce, "Baba, me zai hana a aske duka?" Ya ce a'a, da ita yake korar ƙuda, sai a bar masa kamar faɗin tafin hannu, na goshi kuma kada a taɓa.

Yanzu iska na shiga, ciwon ya bushe, doki ya koma aiki. Ku ma ku ɗaga gezar naku ku duba kafin damina ta kawo ƙuda. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.