A ba ɗalibin lissafi takardar sharaɗi tun makon farko

Wata tsohuwar ɗalibata ta zo gaishe ni a hutun da ya wuce. Bayan mun gaisa na tambayi mutanen gida, sai ta zaro takardar sakamakonta ta miƙo mini, ba ta ce uffan ba. Yarinya ce da na koyar da ita lissafi shekara biyu a kwaleji, ta wuce lise, ta ci bak a fannin D, ta samu gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'inmu. A darasin analiz, wanda masu karatu da Ingilishi ke kira kalkulas, ta tashi da 9,6 bisa 20. Da 10 ake tsira, kuma sauran makinta bai kai ya rufa mata asiri ba.

Faɗuwa a analiz ba baƙon abu ba ne, darasin ya kayar da waɗanda suka fi ta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar da ta ba ni da na tambaye ta yadda aka haɗa makin. Ta ce, “Wallahi Mushe, sai da aka kafe sakamako muka sani.” Ta samu 12 a gwajin tsakiyar zango, ta samu 8 a babbar jarabawa. Ita da ƴan ajinsu sun ɗauka rabi da rabi za a yi, wanda da ya ba ta 10 cif. Ashe gwajin kashi 40 cikin ɗari yake ɗauka, jarabawar kuma kashi 60. Na ɗauki biro na buga da kaina: 4,8 a haɗa da 4,8, daidai 9,6. Malamin bai rage mata ko ɗigo ba. Amma yarinyar ta shafe wata huɗu ana ciniki da ita ba a nuna mata tiyar da za a auna mata da ita ba.

Ra'ayina a nan ba shi da tsawo. Duk malamin da zai koyar da analiz a shekarar farko ta jami'a ya kamata ya miƙa wa ɗalibansa takarda a makon farko, shafi biyu ko uku, wadda ta faɗi abin da ake jira daga gare su da abin da su ma za su jira daga gare shi. Kuma ya zama dokar sashe, kada a bar shi ga ganin damar malami.

A jami'o'in Amurka wannan takarda tsohuwar al'ada ce, silabus suke ce mata. A ciki ɗalibi zai ga littafin da za a bi, babin da za a taɓa kowane mako, ranakun gwaje-gwaje, kason da kowane aiki zai ɗauka a makin ƙarshe, ko an yarda a shiga jarabawa da na'urar lissafi, hukuncin wanda ya kwafi aikin wani, da sa'o'in da malami zai zauna ofis don amsa tambayoyi. Ba ina cewa komai nasu ya fi namu ba ne. Wasu takardun ma sun yi tsawon da ɗalibai ba su karanta su. Amma ɗalibin da ya faɗi a can ba zai iya cewa ba a gaya masa ba, malami kuma ba zai wayi gari ya sauya ma'auni ba tare da an nuna masa rubutun hannunsa ba.

Me ya sa na ware analiz? Saboda darasi ne da kowane mako yake tsaye a kan wanda ya gabace shi. Bari in kwatanta wa wanda bai yi wannan karatu ba. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kusan kilomita 240 ne. In mota ta yi tafiyar cikin awa 4, ɗan firamare ma zai ce ta yi gudun kilomita 60 a awa. To amma wane gudu take yi daidai lokacin da ta gifta kasuwar Tasawa? Don a amsa wannan sai a riƙa ƙanƙanta lokacin, daga minti zuwa daƙiƙa zuwa abin da bai kai daƙiƙa ba, a duba adadin da amsar take dosa. Wannan adadi shi ake kira limit, wato iyaka. Daga limit ake gina deribe, mai auna saurin canjin abu, sannan entegiral, mai tara ƙananan gutsattsari ya fitar da faɗi ko yawa. Wanda limit ta kuɓuce masa a mako na 3, duk abin da aka faɗa a mako na 8 hayaniya ce kawai a kunnensa. A darasin tarihi kana iya rasa babi guda ka kama na gaba. A nan babu wannan.

Ga kuma ramin da ke tsakanin lise da jami'a, wanda ba kowa ke faɗa wa yaran ba. A lise ana koya musu su buga: deribe na x² shi ne 2x, su haddace, su yi aiki da shi, su ci maki. A jami'a sai a ce su kawo hujjar dalilin da ya sa haka ne. Wannan wata sana'a ce daban. Leibniz ya wallafa aikinsa na farko kan wannan fanni a 1684, shi da Newton suka buɗe hanyar kowa ta nasa gefen, amma sai a 1821 Cauchy ya fitar da littafinsa na analiz inda ya soma ɗora limit a kan tushe mai ƙarfi. Fiye da shekara 130 ke nan manyan masana na aiki da abin kafin su daidaita ma'anarsa. Mu kuma muna so ɗan shekara 19 ya haɗiye shi cikin mako uku, a ɗakin da na baya ba ya ko ganin allo. Ai ko don tausayi a rubuta masa a shafin farko: ga abin da muke ɗauka ka riga ka iya, aljabara da tirigonometiri da logaritim, ga atisaye 20, in ka kasa rabinsu nemi taimako a wannan makon, kada ka jira gwaji.

Sai batun lokaci, kuma a nan ɗalibai ne za su ji zafi. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce duk awa guda a aji tana tafiya da aƙalla awa biyu na aiki a wajen aji. Darasin da ke da awa 4 a mako, to awa 8 yake nema a ɗaki da biro da takarda. Tsarin LMD da ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007, mai kiredi 30 a kowane zango da 180 kafin a samu lisans, shi ma a kan haka aka gina shi: kiredi yana ƙirga aikin da ɗalibi ya yi shi kaɗai, ba zaman aji kawai ba. Na tambayi ɗalibar tawa awa nawa take ba analiz a mako. Ta yi shiru, sannan ta ce tana karanta darasin sau biyu kafin ta kwanta. Karanta lissafi! Kamar mutum ya ce yana koyon ɗinki ta hanyar kallon tela. Laifinta ne, na kuma faɗa mata ido da ido. Amma da an rubuta mata adadin a rana ta farko, da ta san cewa abin da take yi bai kai rabin kuɗin kaya ba.

Halartar zaman atisaye, wanda muke kira TD, shi kam ina goyon bayan a tsananta a kansa. A 2014 wasu masana a Amurka sun tattara bincike 225 kan koyar da kimiyya da lissafi a jami'a. Sun tarar cewa inda malami ke zuba bayani ɗalibai na saurare kawai, kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa, inda kuwa ake sa su aiki da hannunsu cikin aji adadin ya sauko kusan kashi 22. Saboda haka in takarda ta ce wanda ya yi fashin TD sau uku ba dalili ya rasa makin gwaji, ba ni da ja. Sharaɗina guda ne: a faɗi abin da ake karɓa a matsayin dalili. Rashin lafiya da takardar likita, rasuwa a gida, haihuwa. A faɗi kwana nawa mutum ke da shi ya kawo shaida, da wanda zai kai wa. In ba a rubuta ba, mai baki da mai sanayya su ake yi wa uzuri, ɗan ƙauye mai kunya kuma ya sha sifili.

Inda na fi so a yi dogon tunani shi ne tsakanin haɗa kai da satar amsa, don yaranmu da yawa ba su san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya soma ba. A tsakiyar shekarun 1970 wani malamin lissafi, Uri Treisman, ya so ya gano abin da ke kayar da ɗalibai baƙaƙen fata a kalkulas a jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, alhali sun shigo da sakamako mai kyau. Ya bi ɗalibai 20 baƙaƙe da 20 ƴan asalin Sin, yana kallon yadda suke karatu. Bai tarar da lalaci ba. Abin da ya gani shi ne na farkon kowa na kulle kansa ya yi ta fama shi kaɗai, na biyun kuwa sukan yi aikin su kaɗai tukuna, sannan su haɗu da yamma su duba na juna, su yi gardama, su gano kuskure tun bai yi jijiya ba. Daga nan ya kafa zaman aiki na rukuni, sakamakon ɗaliban ya ɗaga, jami'o'i da dama suka kwaikaya.

Ka ga ke nan dokar da ta ce “kowa ya yi nasa” ba ƙarin bayani tana iya yin ɓarna. Abin da ya dace a rubuta shi ne: ku tattauna, ku yi musu, amma kowa ya koma ya rubuta amsarsa da hannunsa, ya kuma ambaci waɗanda ya zauna da su. Haka batun salula. Yau akwai Photomath, akwai ChatGPT, yaro zai ɗauki hoton tambaya amsa ta fito da matakanta. Hana su a ɗakin kwana ba mai iyawa, kada mu yaudari kanmu. Amma ana iya rubuta cewa duk aikin da ka miƙa ana iya kiran ka gaban allo ka bayyana shi, in ka kasa makin ya tafi. A jarabawa kuma a faɗa tun wuri ko da na'urar lissafi za a shiga ko babu, don kada mutum ya yi wata huɗu yana dogara da ita a karɓe ta a bakin ƙofa.

To, duk wannan nauyi ne a kan ɗalibi. Ɗaya rabin takardar na malami ne, kuma ina zaton shi ya sa ba a cika son rubuta ta ba. Wanda ya sa hannu cewa gwaji zai kasance a mako na 7 ya ɗaure kansa. Wanda ya rubuta cewa zai mayar da takardun gwaji cikin mako biyu, ɗalibi ya ga inda ya yi kuskure kafin babbar jarabawa, ya ɗauki alkawari. Haka wanda ya ce yana ofis ranar Laraba daga ƙarfe 3 zuwa 5. Ɗalibar tawa ba ta taɓa ganin takardar gwajinta ba, lamba kawai ta gani a bango. Wane kuskure ne ya cinye mata maki 8 daga cikin 20, har yau ba ta sani ba, kuma ina kyautata zaton shi ta sake yi a jarabawa.

Na san abin da malaman jami'a za su ce, kuma ba ƙarya suke ba. Ɗalibai sun yi yawa, malamai kaɗan ne, yajin aiki na malamai da na ɗalibai ya sha sa shekarar karatu ta hau kan wata, ta yaya mutum zai yi alkawarin rana? Amsata ita ce a ƙirga da makon karatu, a bar kwanan wata. In an rufe makaranta a mako na 5, ranar da aka buɗe mako na 6 ne. Yajin aiki yana iya ɗaga ranar gwaji, amma ban ga yadda zai mayar da kashi 40 ya koma 50 ba. In kuma malami ɗaya ba zai iya zama da ɗaruruwan mutane a ofis ba, sai ya faɗi abin da zai iya: awa biyu a mako, wakilan rukuni su zo da tambayoyin da suka gagari kowa. Kaɗan da aka rubuta aka cika, ɗalibi zai iya tsara kansa a kai.

Kada in tsaya ina nuna wasu da yatsa. A makarantar horon malamai an koya mana rubuta shirin darasi dalla-dalla, manufa, matakai, kayan aiki, amma duk don idon sufeto. Ban tuna ranar da aka ce mu gaya wa yaran kansu yadda za a auna su ba. Ni ma na yi shekaru ina shiga aji da ma'aunina a cikin kaina, in yaro ya yi ƙorafi in ce ya fiye surutu. Bana na rubuta shafi guda na manna a bayan ƙofar aji, na sa kowa ya kwafa a littafinsa. Cikin wata na biyu wani yaro ya ɗaga hannu ya tuna mini cewa na yi alkawarin mayar da takardu ranar Litinin, ga shi yau Alhamis. Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Washegari na kawo su.

Abin ya shafe mu mu na ƙasa kai tsaye. Daga cikin masu zama a ajin analiz na shekarar farko ne za a samu malaman lissafin kwaleji da lise na gobe, kuma duk wanda ke koyarwa ya san yadda ake neman su ido rufe. Duk wanda ya bar fannin saboda ƙa'idar da bai sani ba, aji guda ne na yara da zai zauna ba malami. Shugabannin sassan lissafi a Yamai da Maraɗi da sauran jami'o'inmu ba su buƙatar kasafin kuɗi kafin su yi wannan. Zama ɗaya ne na sashe, a amince da abin da dole takardar ta ƙunsa, a ajiye kwafi a ofishin shugaba, a tura wa ɗalibai ta WhatsApp.

Ita kuwa ɗalibar tawa za ta zauna jarabawar zagaye na biyu. Na ba ta tsohon littafina na atisaye, na ce awa 8 a mako, ta nemi mutum uku su riƙa zama tare. Na kuma ce ta je ta tambayi malamin, cikin ladabi, ko makin gwajinta na 12 zai shiga lissafin zagaye na biyu ko jarabawar ce kaɗai za ta tsaya. Ta ce ta tambayi ƴan aji biyu da ke gabanta, kowa da abin da ya faɗa mata.